Ranar Ƙaura: Abin da Bankin TSB Ya Koya Mini Game da Sabunta Tsohuwar Manhaja

A ƙarshen shekarar 2024, wasu manyan bankunan Najeriya suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun kwastomominsu, kusan a jere. Sterling ya bar T24 ya koma SeaBaaS, wadda aka gina a Najeriya, GTBank ya bar Basis ya koma Finacle, Zenith kuma ya koma Flexcube ta kamfanin Oracle. A makonnin da suka biyo baya ƙorafi ya cika kafafen sada zumunta: wani ya tura kuɗi ba su isa ba, wani an cire masa bai ga alat ba, mai POS a bakin kasuwa kuma yana ta bai wa mutane haƙuri da cewa babu sabis. Da yake 'yan uwa da maƙwabta sun san cewa gina manhaja ce sana'ata, tambaya ɗaya suka riƙa yi mini, wato me ya sa banki mai tarin kuɗi da ƙwararrun ma'aikata zai taɓa abin da yake aiki lafiya har ya jefa jama'a cikin wahala. Amsar da nake bayarwa a taƙaice ita ce sauyin ya zama dole, domin babu manhajar da za ta dawwama. Amma abin da na fi damuwa da shi a wannan sana'a shi ne yadda ake yin ƙaurar, kuma babu labarin da ya fi bayyana mini hakan kamar na bankin TSB a Birtaniya.

An ɓalle TSB daga rukunin bankin Lloyds a shekarar 2013, bisa sharaɗin da Tarayyar Turai ta gindaya bayan gwamnatin Birtaniya ta ceto Lloyds da kuɗin jama'a a lokacin rikicin tattalin arziki na 2008. Sabon bankin ya fito da sunansa da rassansa da kwastomominsa, amma bai fito da na'urorinsa ba. Ya ci gaba da hayar tsarin kwamfutocin Lloyds, yana biyan sama da fam miliyan 100 a kowace shekara ga wanda a kasuwa abokin hamayyarsa ne. A 2015 bankin Sabadell na ƙasar Sifaniya ya sayi TSB a kan fam biliyan 1.7, kuma lissafin cinikin ya dogara sosai a kan cewa za a raba TSB da wannan haya. Sabadell yana da manhajarsa mai suna Proteo, wadda ya sha kwashe ƙananan bankunan da ya saya a Sifaniya zuwa cikinta, don haka ya ɗora wa reshensa na fasaha, Sabis, aikin gina wata sabuwa da za ta dace da Birtaniya, aka sa mata suna Proteo4UK.

An tsara cewa za a kwashe asusun mutane miliyan 5.2 a ƙarshen mako guda, daga yammacin Juma'a 20 ga Afrilun 2018 zuwa yammacin Lahadi 22 ga wata. Abin da ya kamata a lura da shi, domin mutane da yawa sukan kuskure fahimtarsa, shi ne cewa bayanan sun isa lafiya. Kuɗin kowa ya tashi daga tsohon gida ya sauka a sabo ba tare da ya ragu ba. Sabon gidan ne ya kasa ɗaukar mutanen da suka zo ƙofarsa. Tun daren Lahadi mutane suka kasa shiga asusunsu ta waya da ta intanet, wasu da suka samu shiga suka tarar da asusun wasu mutane a gabansu, layukan waya suka cushe, kwamfutocin rassa su ma suka riƙa tsayawa. Kusan mutum miliyan 1.9 masu hulɗa da bankin ta intanet ne abin ya shafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: 'yan damfara suka fara kiran mutane da sunan su ma'aikatan banki ne masu gyara matsala, suka kwashe kuɗin kimanin mutum 1,300. Al'amura ba su koma daidai ba sai a watan Disamba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, abin ya ci wa bankin kusan fam miliyan 330 a wannan shekarar, sannan a Disambar 2022 hukumomi biyu masu sa ido a kan bankuna suka ci shi tarar fam miliyan 48.65.

Kamfanin lauyoyi na Slaughter and May ne aka bai wa aikin bincike, ya fitar da rahotonsa a Nuwambar 2019. Abubuwa biyu daga cikin abin da aka gano ba su taɓa barin zuciyata ba. Na farko, an gina cibiyoyin adana bayanai guda biyu da ya kamata su zama tamkar tagwaye, ta yadda kowace za ta iya ɗaukar aikin 'yar uwarta, amma saitinsu ya sha bamban a wasu wurare, kuma gwajin ɗaukar nauyi da aka yi kafin ƙaura bai haɗa su biyun a tare ba. Bambancin bai fito fili ba sai da mutane na gaske suka danno. Na biyu, kuma a ganina shi ne uwar matsalar, tun farko aka tsayar da lokacin gamawa, sannan aka dawo ana matsa aikin don ya shiga cikin wa'adin, maimakon a auna aikin a ga tsawon lokacin da zai ci. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san yadda irin wannan yake ƙarewa. Idan lokaci ya ƙure ba a rage abubuwan da aka yi wa shugabanni alkawari, domin su ake gani a taro. Gwaji ake ragewa, domin babu mai ganin rashinsa sai ranar da abu ya lalace.

Akwai kuma batun hanyar komawa. Da zarar an kwashe kowa da kowa a dare ɗaya, an fara cirewa da sakawa a sabon tsari, to komawa tsohon ya zama wata sabuwar ƙaura mai haɗarinta. TSB ya wayi gari ranar Litinin ba shi da inda zai ja da baya, dole ya riƙa gyara tsarin alhali miliyoyin mutane suna cikinsa.

Me ya sa sauya tsohuwar manhaja yake da wuya haka? Mutanen da ba sa cikin harkar sukan ɗauka cewa manhaja kamar mota ce, idan ta tsufa sai a sayar a sayi sabuwa. Manhajar babban kamfani ta fi kama da gidan gado da aka shekara talatin ana ƙara masa ɗakuna. Kowane ɗaki akwai dalilin gina shi, amma wanda ya gina shi ya yi ritaya ko ya rasu, kuma bai bar rubutu ba. Harshen rubuta manhaja na COBOL, wanda aka ƙirƙira a 1959, har yau yana gudanar da ayyukan bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati da dama a duniya. A Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi yawa, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito bainar jama'a yana neman waɗanda suka iya COBOL su zo su taimaka. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga jihar. Ni kuwa abin da na gani shi ne manhajar da ta yi shekara arba'in tana biyan mutane haƙƙinsu, kuma dokokin biyan suna cikinta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san abin da ke cikin tulun.

Na ga wannan da idona a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da na yi wa aiki. An ɗauke mu mu sake gina manhajar da ke lissafin kayan da ke sito da bashin da ke kan dillalai. Muka zauna da manajoji, suka faɗa mana ƙa'idojin aiki, muka rubuta, muka gina. Kafin a kashe tsohuwar, na nace cewa a bar su biyun su yi aiki tare na wani lokaci, kowace ta fitar da lissafinta a ƙarshen yini mu gwada. A mako na biyu muka ga sabuwar tana hana wasu tsofaffin dillalai ɗaukar kaya saboda sun wuce iyakar bashinsu, tsohuwar kuma tana ƙyale su. Babu manajan da ya iya bayyana dalili. Wani dattijon akanta da ya kusa ritaya ne ya ce mini, "Injiniya, ai tun zamanin marigayi mai kamfanin ake ɗaga wa waɗannan ƙafa idan azumi ya gabato, su biya bayan salla." Shekaru da yawa da suka wuce wani ya saka wannan a cikin manhajar, aka manta. Ba a rubuta shi a kowace takarda ba, amma amanar da ke tsakanin kamfanin da manyan abokan cinikinsa a kansa ta tsaya. Da mun yi ƙaurar dare ɗaya, da a tsakiyar kakar ciniki za mu gano shi, motoci na jere a ƙofar sito. Tun daga ranar, kafin in buɗe kwamfuta a kowane sabon aiki, sai na nemi mutumin da ya fi kowa daɗewa a wurin na zauna da shi.

Yanzu kuma batun gajimare, wanda kusan kowane shugaban kamfani yake ambata idan ana maganar zamanantarwa. Abin da ake nufi da shi ba wani abin al'ajabi ba ne: maimakon kamfani ya sayi manyan kwamfutoci ya ajiye a ɗakinsa, ya saya musu na'urar sanyaya ɗaki da janareta da batura, sai ya yi hayar ƙarfin kwamfuta da wurin ajiya daga wani babban kamfani ta intanet, ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa a yadda muka san ta a 2006, Microsoft da Google suka biyo baya. Amfaninsa a bayyane yake, musamman ga wanda ya san kuɗin da dizal ke ci. Abin da a da sai an yi watanni ana jiran a sayo shi a shigo da shi ta tashar jiragen ruwa, yanzu injiniya yana samunsa cikin mintuna, ya gwada, idan bai yi ba ya kashe.

Sai dai kwashe tsohuwar manhaja yadda take a ɗora ta a gajimare bai wuce sauya wa tuwo suna ba, kuma sau da yawa kuɗin ma ƙaruwa yake yi, domin manhajar da aka gina don ta riƙe na'ura dare da rana za ta ci gaba da riƙe ta haya dare da rana. Misalin da aka fi kawowa na nasarar gajimare shi ne Netflix, amma masu kawo shi sukan tsallake adadin shekarun. A Agustan 2008 rumbun bayanan kamfanin ya lalace, ya yi kwana uku bai iya aika faifan DVD ga kwastomominsa ba. Daga nan ya yanke shawarar komawa gajimaren Amazon, kuma bai kammala ba sai a Janairun 2016, wato sama da shekara bakwai. Kamfanin da fasaha ce sana'arsa, wanda yake ɗaukar injiniyoyi daga cikin mafiya ƙwarewa, bai kwashe komai a dare ɗaya ba. Ya riƙa warware babbar manhajarsa zuwa ƙananan sassa masu cin gashin kansu, yana sake gina kowane sashe. Har ya ƙirƙiri wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wadda aikinta shi ne ta riƙa kashe na'urorinsa da gangan a lokacin aiki, don a tabbatar tsarin zai iya jure mutuwar wani sashensa ranar da hakan ya zo ba shiri.

Kamfanin da ke Najeriya yana da ƙarin lissafi biyu da takwaransa na Turai ba ya yi. Na farko kuɗin waje ne. An daɗe ana ƙayyade farashin hayar gajimare da dala, kuma dalar da hukuma ke sayarwa a kan kusan naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kamfanin da bai ƙara ko kwastoma ɗaya ba ya tarar kuɗin hayarsa ya ninka sau uku. Na biyu nisa ne. Manyan cibiyoyin farko da waɗannan kamfanoni suka buɗe a nahiyar duk a Afirka ta Kudu suke, Microsoft a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024, kuma kamfanoninmu da yawa a Turai suke ajiye manhajojinsu. Wannan na nufin cinikin da aka yi a Kantin Kwari yana iya bi ta ƙarƙashin teku ya je wata nahiya ya dawo kafin alat ya shigo. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ya raunana a ƙasashen yammacin Afirka da dama, bankuna suka riƙa aika wa kwastomomi saƙon ban haƙuri. Wannan bai sa na juya wa gajimare baya ba. Ina ba da shawarar a shiga, amma a zauna a tantance wane aiki ne zai iya jira idan hanya ta yanke, wane ne kuma dole ya ci gaba ko da an yanke mu daga duniya na kwana biyu, sannan a duba abin da dokar kare bayanai ta 2023 ta ce game da fitar da bayanan mutane zuwa waje.

Hanyar da na yarda da ita, wadda nake bi a duk inda aka ba ni dama, ita ce wadda masanin manhaja Martin Fowler ya bayyana a 2004 bayan ya ga wata irin bishiyar ɓaure a dazukan Queensland na Ostireliya. Mu ma mun san irinta, domin ana ganin cediya ko gamji sun tsiro a jikin giginya: tsuntsu ya yar da ƙwaya a sama, ta tsiro, ta riƙa sako jijiyoyi ƙasa a hankali, har wata rana ta tsaya da ƙafarta. A aikace, ana sa wata ƙofa a gaban tsohuwar manhaja wadda duk buƙata za ta bi ta cikinta. Sai a ɗauki aiki ɗaya ƙarami, misali duba ragowar kuɗi, a gina shi sabo, a karkatar da kashi ɗaya cikin ɗari na masu amfani zuwa can, a fara da ma'aikatan kamfanin kansu. Idan lissafin ya yi daidai da na tsohuwar sai a ƙara adadin, idan bai yi ba sai a mayar da su cikin minti ɗaya ba tare da kowa ya sani ba. Wannan hanya tana da tsadarta, kuma ba zan ɓoye ba: kamfani zai yi shekaru yana biyan tsari biyu, daidaita bayanai tsakaninsu aiki ne mai cin rai, kuma babu ranar da za a kira 'yan jarida a yanka kirtani. Wannan na ƙarshen shi ya fi sa shugabanni ƙin ta. Akwai kuma haɗarin a gaji a tsakiya, a bar kamfani da rabin tsoho rabin sabo har abada, wanda na sha gani. Duk da haka kuskuren da ya shafi mutum ɗari a ranar Talata ya fi sauƙin gyara a kan wanda ya shafi miliyan biyar a daren Lahadi.

Dole kuma tsohon da aka maye gurbinsa a cire shi gaba ɗaya. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45 ranar 1 ga Agustan 2012, saboda an sa sabuwar manhaja da hannu a kan na'urori bakwai daga cikin takwas, aka tsallake ɗaya, wani tsohon sashe da aka daina amfani da shi shekaru amma ba a goge ba ya farka ya dinga saye da sayarwa. Shi ya sa nake ganin ainihin zamanantarwa tana cikin abubuwan da ba a sa su a talla: gwajin da ke gudana da kansa duk lokacin da aka taɓa manhaja, saka sabon aiki ta hanyar na'ura ba da hannun mutum ba, da rubuta saitin kowace cibiya a wuri ɗaya don kada tagwaye su bambanta kamar yadda ya faru a TSB. Kamfanin da yake fitar da ƙaramin sauyi kullum ya saba da sauyi. Wanda yake fitarwa sau biyu a shekara kuwa, kowane sauyi sai an kwana a ofis ana addu'a.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ɗakin taro shi ne shiru. A kowane irin wannan aiki akwai injiniyoyi ƙanana da suka san cewa ba a shirya ba, amma maganarsu tana bi ta hannun shugabanni uku ko huɗu kafin ta isa sama, kowanne yana ɗan tausasa ta, har "ba a gwada ba" ta koma "saura kaɗan". A wurinmu, inda ladabi ke hana ƙarami musanta babba a gaban jama'a, wannan ya fi tsanani. Saboda haka a ayyukan da nake jagoranta nakan roƙi mai kamfani ya faɗa da bakinsa, tun ranar farko, cewa duk wanda ya ga dalilin ɗage ranar ƙaura ya faɗa kai tsaye, kuma ba za a riƙe shi da shi ba. Ɗaya daga cikin hukumomin da ke sa ido a kan bankuna a Birtaniya ta ɗauki batun alhaki da muhimmanci har ta ci tsohon shugaban sashen fasaha na TSB, Carlos Abarca, tarar fam 81,620 shi kaɗai a 2023, saboda ya bai wa hukumar gudanarwar bankin tabbacin cewa Sabis ya shirya ba tare da ya samu isasshiyar hujja ba.

Labarin TSB bai ƙare ba tukuna. A Yulin 2025 Sabadell ya amince ya sayar da shi ga Santander a kan fam biliyan 2.65, Santander kuma ya ce zai haɗe shi da reshensa na Birtaniya. Ke nan mutanen da aka kwashe daga na'urorin Lloyds a 2018 akwai wata ƙaurar a gabansu. Abin da zan sa wa ido idan lokacin ya zo shi ne ko rukuni-rukuni za a kwashe su, da kuma tsawon lokacin da za a bar tsohon tsarin a kunne bayan rukunin farko ya tashi.